Na'urar Numfashin Maigidana Tana Wari, Har Ya Ajiye Ta

Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar da cewa maigidana yana fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, ya kuma ce ya nemi na'urar CPAP, mai tura iska ta hanci lokacin barci. Ƙanensa da ke zaune a Amurka ne ya aiko masa da wata wadda aka riga aka yi amfani da ita. Da farko ya ji daɗinta ƙwarai, minsharin ya tsaya, yana tashi garau. Amma tun da damina ta kankama yake cewa iskar tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, wani daren kuma sai ya ce warin janareta yake ji. Na jiƙa tiyon da ruwan bilic, na turara shi da turaren wuta, na kuma ɗiga humra a cikin ruwan na'urar, amma sai abin ya ƙaru, har da tari. Yanzu ya ajiye ta, minshari ya dawo, kuma yana gyangyaɗi da rana, ga shi da kansa yake tuƙa mota zuwa wurin aikinsa a Zariya. Ina neman shawara.

Uwargida, Malali, Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya kuma saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi masa.

Kafin mu taɓa maganar wari, akwai abin da ba zai jira ba, wato tuƙi. Mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa sau da yawa a dare ba ya samun barci mai nauyi ko da ya kwashe awa takwas a kwance, kuma gyangyaɗin da kike gani da rana shi ne bashin barcin yake neman a biya shi. Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar kimanin kilomita 80 ce a kan hanyar da manyan motoci ba sa yankewa, saboda haka ki lallashe shi ya shiga motar haya ko ya sami wanda zai riƙa tuƙa shi har sai ya koma amfani da na'urar. Ciwon da aka bari ba magani yana kuma tsananta hawan jini, yana wahalar da zuciya, don haka manufarmu ita ce ya koma kan na'urar da wuri, a kan iska mai tsabta.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, na'urar ba ta ƙirƙirar iska, kuma ba tukunyar iskar oksijin ba ce irin ta asibiti. Iskar ɗakinku take zuƙa ta wata 'yar kafa da ke baya ko gefenta, ta bi da ita ta filta, ta ratsa kan ruwan ɗumi, sannan ta tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke hancinsa da ɗan ƙarfin da zai hana maƙogwaro rufewa. Ke nan duk warin da ya ji, ko dai daga ɗakin ya fito, ko daga ɗaya daga cikin wuraren nan da iskar ta ratsa, ko kuma daga hancinsa shi kansa. Warin shi ne kaɗai alamar da ke nuna miki inda matsalar take, shi ya sa rufe shi da ƙamshi yake mayar da hannun agogo baya.

Akwai wari guda ɗaya da ba a tsayawa bincike a kansa. Idan kuka ji ƙauri, irin na waya ko roba tana ƙonewa, ko kuka ga hayaƙi, ko adaftar ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙe ta ba, ko bakin filogin ya yi baƙi, to a zare ta daga soket nan take, kada a sake kunna ta sai ƙwararre ya duba. A watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani samfurin irin wannan na'ura mai suna DreamStation 2 saboda rahotannin ɗaukar zafi, hayaƙi da ƙuna. A nan gida kuwa muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan, domin wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi tana kashe adafta. Ki karanta rubutun da ke jikin adaftar: mafi yawansu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wanda ya dace da tamu mai 230, amma kada a yi zato, a duba. A haɗa ta da abin kariya daga hawan wuta, kuma idan adaftar ta mutu kada a maye gurbinta da cajar kwamfuta don kawai bakinta ya shiga.

Abu na biyu da zan so ki yi yau ɗin nan shi ne ki juya na'urar ki karanta sunan kamfani da samfurin da ke jikin takardar da aka manna a ƙasanta. Dalili shi ne, a ranar 14 ga Yuni 2021 kamfanin Philips Respironics ya yi kiranyen na'urorinsa kimanin miliyan 15 a faɗin duniya, wato ya nemi a dawo da su domin gyara ko musanya, ciki har da DreamStation na farko da System One, waɗanda aka ƙera kafin 26 ga Afrilu na shekarar 2021. A cikinsu akwai wani soso da aka sa domin rage ƙarar injin, sai aka gano yana iya rududdugewa ya saki baƙaƙen ɓarɓashi da sinadarai a cikin hanyar iskar, mai barci ya shaƙa ko ya haɗiye. Zafi da danshi suna gaggauta lalacewar soson, kuma ke kin san yadda ɗaki yake a Kaduna daga bazara zuwa tsakiyar damina. Tunda taku ta hannu ce, ba ku san shekarunta ko inda aka ajiye ta ba, wannan tambaya ce da dole a amsa. Idan tana cikin waɗannan samfura, ku tambayi ƙanen Alhaji ko an gyara ta ko an musanya ta bayan kiranyen, ku kuma kai maganar gaban likita, shi zai auna tsakanin haɗarin ci gaba da ita da haɗarin zama babu na'ura kafin a sami wata. Rashin ganin ɓarɓashi a cikin tiyo ba ya tabbatar da cewa soson lafiya yake. Kada kuma a kai ta wurin mai gyaran rediyo ya buɗe ya ciro soson, domin hukumar ta yi hani da hakan, kuma yagar sa na iya barin guntaye a inda ba za a iya kaiwa gare su ba.

Idan ba ta cikin waɗannan, sai a koma neman inda warin yake, kuma aiki ne na rabin awa. Da safe, ki ɗauke na'urar zuwa falo ko wani ɗakin da ba a yi turare ko feshi a cikinsa ba. Ki cire takunkumi da tiyo, ki zubar da ruwan, ki wanke ɗan tankin ya bushe sarai, ki sa sabon filta, ki kashe abin ɗumama ruwa, sannan ki kunna ta ki shinshina bakin da iskar ke fitowa. Idan babu wari, ki jona tiyon ki shinshina ƙarshensa, daga nan ki ƙara takunkumin. Duk gaɓar da kika ƙara warin ya bayyana, ita ce mai laifin. Idan kuwa tun injin yana tsirara yake wari, to matsalar a cikinsa take, inda sabulu ba ya kaiwa. Wannan yakan faru da na'urar da ta fito daga hannun mai shan taba, domin hayaƙin yakan kama soson ciki ya ƙi fita, kuma a irin wannan hali musanya na'urar ita ce mafita.

Bisa yadda kika kwatanta, zatona ya fi ƙarfi a kan tiyo da tankin ruwa. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba warin funfuna ne, kuma lokacin da ya fara ya yi daidai. A cikin dare iska mai ɗumi da laima tana bi ta cikin tiyon, idan ta haɗu da sanyin ɗaki ko na fanka sai ta koma ɗigon ruwa a jikin bangonsa. Ki ɗaga tiyon ki hango haske ta cikinsa, za ki ga jikinsa gaɓa-gaɓa ne, kuma a cikin kowane lungu ruwa yana iya kwanciya. A lokacin hunturu wannan ruwan yakan bushe kafin azahar ba tare da kowa ya kula ba, amma a watan Agusta, lokacin da wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba, sai ya wuni a ciki har dare ya sake yi a ƙara masa wani. Idan kika ga ɗigo-ɗigo baƙi ko kore ko ruwan hoda a cikin lungunan, kada ki wahalar da kanki da wanki, ki jefar da shi. Shi ma tankin, in ana ƙara sabon ruwa a kan na jiya maimakon a zubar, yakan yi yauƙi a ƙasa, kuma yatsa zai gaya miki tun kafin ido ya gani.

Game da abubuwan da kika riga kika yi, na san niyyarki alheri ce, kuma kowace mace mai tsabta a garin nan abin da za ta fara tunani ke nan. Sai dai dukkan ukun suna cikin abin da masu ƙera waɗannan na'urori suka hana. Bilic yana cin roba, yana kuma barin saura da ke fusata hanci da maƙogwaro. Hayaƙin turaren wuta yana barin wani danƙo a jikin tiyon wanda ƙura ke maƙalewa a kai. Humra kuwa ita ce ta fi damuna, domin haɗin mayuka ne da turaruka, kuma abin da aka yi domin fata da tufafi ba a yi shi domin a ɗumama shi a tura cikin huhun mutum dare guda cur ba. Ba zan yi mamaki ba idan tarin daga nan ya samo asali. Roba mai laushi tana shan ƙamshi ba ta saki, saboda haka shawarata ita ce a sayi sabon tiyo, sabon tanki da sabuwar robar takunkumi a fara daga farko. Haka nan kada Dettol, Izal, sifirit ko man zaitun da na habbatussauda su kusanci waɗannan kayan, komai amfaninsu a wani wurin.

Wankin da ake buƙata mai sauƙi ne, dawwama a kansa ita ce aikin. Kowace safiya a zubar da ragowar ruwan, a ɗauraye tankin a kife shi, a wanke robar da ke taɓa fuska da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, domin maiƙon fata da gumi su ne ke kawo tsamin da wasu ke ji a takunkumi. Idan Alhaji yana shafa man gemu ko basilin da dare, ya wanke fuskarsa kafin ya sa takunkumin, domin mai yana lalata robar. Sau ɗaya a mako a wanke tiyon da madaurin kai, a ɗauraye sosai, a rataye tiyon a kan ƙofa bakinsa biyu suna kallon ƙasa, a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a cikin rana ba. Ki yi wankin bayan sallar asuba domin ya sami yini guda yana bushewa, kuma idan magariba ta yi da sauran laima, ki jona shi da na'urar tankin babu ruwa ki bar iskar ta bi ta ciki na 'yan mintoci. Wanda ke da hali ya mallaki tiyo biyu yana musanyawa a damina. Idan farin gishiri ya kama ƙasan tankin, a jiƙa shi da farin ruwan khal da aka sirka, kamfanin ResMed mai ƙera irin waɗannan na'urori yana cewa kashi 1 na khal a cikin kashi 10 na ruwa, sannan a ɗauraye har warin tsamin ya fita.

Wannan ya kawo mu ga ruwan da ake zubawa. Abin da aka fi so shi ne ruwan da aka tafasa ya zama tururi aka sake tara shi, wanda babu gishirin ƙasa a cikinsa, ana samunsa a manyan kantunan magani da wuraren sayar da kayan asibiti. Ruwan rijiya, na burtsatse da na 'yan garuwa suna barin gishiri, suna kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin amma ba ta cire gishirin, don haka tafasasshen ruwan da ya huce ko ruwan gora za su iya riƙe ku na ɗan lokaci, da sharaɗin a yawaita wanke tankin. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne ruwan batir da ake sayarwa a bakin hanya da garejin makanikai. Mutane suna cewa ai shi ma tatacce ne, amma ba domin jikin ɗan Adam aka yi shi ba, kuma a wuri ɗaya ake ajiye shi da ruwan asid, sau da yawa a cikin gorunan da ba su da wata alama. Akwai kuma wata dabarar da ta dace da yanayinmu: a tsakiyar damina iskar da kanta tana da laima, saboda haka mutane da yawa suna iya rage ɗumin ruwan, ko su kashe shi gaba ɗaya su bar tankin a bushe, ba tare da hanci ya bushe ba. Idan hunturu ya shigo sai a mayar da shi, domin a lokacin ne ake matuƙar buƙatarsa.

Warin janareta kuwa ban ɗauke shi da wasa ba, domin ina kyautata zaton janaretan ne da gaske. Filtar na'urar ƙura da gashi take tarewa, ba ta tare hayaƙi ko iskar gas. Idan janaretanku ko na maƙwabta yana bayan tagar ɗakin, kuma na'urar tana kusa da tagar, to hayaƙin take zuƙowa ta kai masa har hanci. Abin tsoron ma ba warin ba ne, domin a cikin hayaƙin akwai iskar kabon monokzayid wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ke hallaka iyalai a cikin barci. Janareta ya kasance a fili, nesa da tagogi da ƙofofi, bakin salansarsa yana kallon wani gefen, ba a baranda ko lungun da ke manne da ɗakin kwana ba. Ki lura ko daren da yake jin warin shi ne daren da babu wuta, wannan kaɗai zai ba ki amsa. Haka abin yake ga maganin sauro na kunnawa, feshin fiya-fiya da kaskon turare: idan za a yi su, a rufe na'urar a fitar da ita, a yi tun da yamma, a buɗe tagogi ɗakin ya sha iska kafin a dawo da ita. Gidan sauro ya fi dacewa da ɗakin da ke da irin wannan na'ura.

Ki duba inda take zaune. Kada a ajiye ta a ƙasa a kan kafet ko a matse ta da labule, a sa ta a kan ɗan teburi da bai kai tsayin katifa ba, domin ruwan da ya taru a tiyo ya gangara ya koma tanki maimakon ya nufi fuskarsa. Ki buɗe murfin filtar ki gani, ba abin mamaki ba ne a tarar da ta koma ruwan ƙasa, ko ma kyankyaso ya sami mafaka a wurin saboda ɗumi. Farar filta ta yarwa ba a wanke ta, canza ta ake yi, kuma ƙa'idar da aka saba da ita a Amurka ita ce sau biyu a wata, tiyo bayan wata uku, tanki bayan wata shida. Ƙurar hunturun Kaduna ba ta san wannan lissafin ba, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ki riƙa dubawa kowane mako, da ta canza launi a sa wata. Idan ƙanensa zai sake aiko da saƙo, filtoci masu yawa su ne kyautar da ta fi amfani. Amma idan ya ce zai aiko da injin wanke na'urar mai amfani da iskar ozon, ku gode masa ku ce a bari. A watan Fabrairu na 2020 hukumar ta Amurka ta sanar da cewa ba ta amince da irin waɗannan injina ba, bayan rahotannin tari, ciwon kai da tashin asma, kuma ozon na cikin abubuwan da ke ƙara lalata soson da na ambata.

Mai yiwuwa ki gama duk wannan gwajin ki ce ke ba ki jin komai, shi kuma ya dage cewa yana ji. Kada ki ɗauka neman dalilin gudun na'urar yake yi. Ciwon kogon hanci, ruɓaɓɓen haƙori ko ƙwannafi suna iya sa mutum jin warin da ke cikin jikinsa, kuma takunkumin yana tattara masa shi wuri ɗaya. Idan akwai majina mai kauri, toshewar hanci gefe guda ko ciwo a kumatu da goshi, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna tana duba kunne, hanci da maƙogwaro. Tarin kuwa, idan ya wuce 'yan kwanaki bayan an daina humrar, ko ya zo da zazzaɓi, sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, kada a tsaya jiran ranar asibiti, a kai shi ga likitansa, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tunda yana kusa da wurin aikinsa, kuma a faɗa wa likitan ainihin abin da aka zuba a cikin ruwan ba tare da jin kunya ba.

Idan za ku je, ku tafi da na'urar gaba ɗaya, da adaftarta da takunkumin. Na'urar da aka riga aka yi amfani da ita tana zuwa ne da ƙarfin iskar da aka saita wa mai ita na farko, wanda zai iya yi wa Alhaji yawa ko kaɗan, kuma a cikinta akwai lissafin awoyin da injin ya yi yana aiki, wanda zai nuna ko ta kusa cinye shekaru biyar ɗin da aka saba ƙiyasta wa irinta. Kafin a kammala wannan, ya riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, a ɗan ɗaga masa kai da matashi, ya kuma nisanci ƙwayoyin sa barci da magungunan tari masu kawo barci sai da izinin likita, domin suna ƙara saki naman maƙogwaro. Waɗannan suna rage wahalar ne kawai na ɗan lokaci, don haka a sayo sabon tiyo da tanki da filta cikin makon nan, a kuma nemi ganin likita kafin ya ƙare.